Ranar da Na Shanya Tsakar Shamima

Guangzhou,
Alhamis, 18 ga Yuli.

Zuwa ga Yaya Jummai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ƙani ga yayarsa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Umar Faruƙ da yara duka. Yaya ƙafar taki? Na ji daɗi da kika ce kumburin ya sauka har kina iya zuwa makwabta ba sanda. Allah ya ƙaro sauƙi, ya sa kaffara ne. Ki daure da shan maganin har ya ƙare, na san halinki da zarar kin ji dama. Mu nan lafiyarmu lau, sai zafi, irin wanda mutum zai fito daga wanka ya ji kamar bai yi ba. Uwargida Mas'uda tana nan tana fama da tukwanenta, 'yan kasuwar gida sun cika gari, tuwonta ba ya kai la'asar. Ni ma aiki alhamdu lillahi, kwantena biyu sun tashi a watan nan ba tare da matsala ba.

Za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Alhaji Musa da zai taho gida, alhali kusan kullum muna magana a waya. Dalili shi ne rabin yini wayarki a hannun Shamima take, ita ke buɗe miki saƙonni, kuma abin da zan faɗa ba na son ta tsince shi a can. Tsakar nan tata da ta bar mini amana ta mutu jiya Laraba da safe, bayan jinyar kwana goma sha takwas. Ni ne sanadi. Mako uku ke nan kuma ina yi wa yarinyar ƙarya a kanta, kuma ina da yaƙinin ta gane. Ba na son 'yata ta girma a nesa da ni tana ɗaukar maganata kamar iska, shi ya sa nake neman taimakonki.

Na san kalmar tsaka kaɗai ta isa ta sa ki yamutsa fuska. Gida ɗaya muka tashi, kuma ban manta yadda Inna take zubar da miya tukunya guda in aka ce an ga tsaka a saman murhu ba. Ni ma da wannan ƙyamar na zo ƙasar nan. Amma wannan ba irin ta bangon ɗakinmu ba ce. Asalinta wani tsibiri ne mai duhun daji da yawan ruwa, mutanen nan kuma suna kiwon ta a akwatin gilashi kamar yadda ake kiwon kanari a keji. Tsawonta bai fi tafin hannuna ba in an haɗa da wutsiya, launinta kamar na gasasshen burodi, jikinta da laushi, kuma a saman idanunta akwai wasu 'yan tsinkaye jere kamar gashin ido. Ba ta ƙifta ido, da harshe take lashe shi. Shekara biyu da suka wuce wata 'yar ajinsu da iyayenta za su bar gari ta ba Shamima ita. Mas'uda ta rantse ba za ta kwana gida ɗaya da tsaka ba, ni kuma na ce a bar ta kwana uku kafin a samo wanda zai karɓa. A kwana na biyu yarinyar ta zo ta tambaye ni yadda ake kiran gashin saman ido da Hausa. Na ce gira. Ta ce to sunanta ke nan. Yaya, yarinyar da muke fama da ita ta yi Hausa a gida tana ba mu amsa da Sinanci, ranar ce ta fara neman kalma da kanta. Daga nan maganar kwana uku ta mutu.

Da muka yanke shawarar ta taho Kano wurinki a watan Janairu, saboda makaranta da kuma ta san danginta, abu ɗaya ta roƙa, a bar ta ta tafi da Gira. Ba zai yiwu ba, ba jirgin da zai ɗauka. Sai ta zaunar da ni kwana ɗaya kafin tafiya ta nuna mini komai: yadda ake dama garin abincinta da ruwa har ya yi kaurin kunu, yadda ake fesa wa ganyen akwatin ruwa safe da yamma, da ranar da ake jefa mata gyare biyu. Gaskiya rabin hankalina yana kan waya, wani mai kaya yana ta kira daga Kantin Kwari. Da ta lura, sai ta ɗauko takarda ta rubuta dokoki bakwai ta manna a jikin gilashin. Da rubutun Sinanci ta yi, domin shi ne hannunta ya saba da shi. Kin san ni, shekara goma sha huɗu a nan, ina ciniki da bakinsu har in yi faɗa, amma rubutunsu ban wuce lambobi da sunayen tashoshi ba. Na ce mata na gane. Wata shida takardar nan tana gabana safe da yamma. Wayar da nake ɗorawa a kan takardun kamfani kullum ta fassara mini su cikin daƙiƙa ɗaya tana aljihuna, ban taɓa ɗora ta a kan rubutun 'yata ba.

Wata biyar komai lafiya. A ƙarshen Yuni aka yi ruwa kwana tara ba ƙaƙƙautawa, har kaya suka fara wari a cikin kwaba. Sai na ga Gira ta daina cin abinci. Launinta ya dusashe ya yi toka-toka, ta lafe a bayan ganye ba ta motsi. Kwana huɗu haka. Na ce a raina sanyi ne ya kama ta. Ranar Juma'a da muka fito daga Masallacin Huaisheng na faɗa wa Alhaji Osmanu, makwabcinmu ɗan zangon Kumasi da ke aika kaya Ghana, wanda kika gaisa da shi a waya ran sallah. Ya yi dariya har ya riƙe ƙarfen titi, ya ce wai yanzu girmana ya kai ga jinyar tsaka. Da ya gama, ya ce tun da yake bai taɓa ganin ƙadangaren da ya warke a inuwa ba, in fitar da ita ta sha rana. Maganarsa ta yi daidai da abin da ke raina. Wa ya tashi a garinmu bai ga ƙadangare a kan katanga da hantsi yana gyaɗa kai ba? Abin da muka sani ke nan tun muna yara, duk mai jan ciki da ƙafa huɗu rana ce maganinsa.

Ranar Asabar, ashirin da tara ga wata, gari ya waye tas. Ƙarfe goma na ɗauki akwatin na kai baranda, na zaɓi inda rana ta fi bugawa, har na janye labulen shanya don kada ya yi mata inuwa. Mas'uda ta riga ta tafi kai abinci. Na ce awa ɗaya in dawo, na tafi kasuwar Guangyuan in sa hannu a kan wasu dilolin riguna. Aka samu kuskure a lissafin katan-katan, awa ɗaya ta zama uku da rabi. Da na dawo na taɓa gilashin, sai da na janye hannu, zafinsa kamar na motar da aka rufe a rana. Ganyen ya yi yaushi. Gira tana kwance a ƙasa baki buɗe, wutsiyarta kuma tana gefe guda, ta rabu da jikinta.

Na naɗe ta a jiƙaƙƙen hankici na hau tasi zuwa Liwan, inda kasuwar tsuntsaye da kifaye take. Asibitin dabbobi biyu na shiga, da sun leƙa hankicin sai su ce meyo, babu, su karnuka da kyanwoyi kawai suke dubawa. A na uku na sami wata likita matashiya da ta san irinta. Ta yi mata allurar ruwa a ƙarƙashin fata, ta sa ta a wuri mai sanyi, sannan ta ce in nuna mata hoton inda take zama. Na nuna. Ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta tsaya a kan takardar Shamima, ta tambaye ni wa ya rubuta. Na ce 'yata. Ta ce yarinyar ta san abin da take yi, sannan ta karanta mini. Doka ta biyu ta ce kada a taɓa kai ta rana, ko ta taga, kuma kada zafin ɗaki ya wuce digiri ashirin da takwas. Doka ta biyar ta ce idan launinta ya dusashe ta ƙi abinci kada Baba ya ji tsoro, saɓa za ta yi, a ƙara fesa ruwa a ƙyale ta. Ashe lafiyarta ƙalau, Yaya. Tsohuwar fata za ta tuɓe. Yarinyar ta hango tsoron da zan ji tun wata shida kafin in ji shi, ta rubuta mini maganinsa, ta manna a inda idona zai gani. Na tambayi likitar yaushe wutsiyar za ta sake fitowa, don na san namu na gida suna sake tsirowa. Ta ce irin wannan in ta yar, ta yar ke nan har abada. Game da rayuwa kuwa ta ce ba za ta yi mini alkawari ba, zafi yana ɓarna a ciki inda ido ba ya gani.

Daga ranar na shiga jinya. Na mayar da akwatin ɗakin Shamima na kunna esi a kan ashirin da huɗu, ban kashe ba sai jiya. Na sayo ma'aunin zafi na rataya. Bayan sallar asuba in sa ta a ƙaramar roba mai murfi da aka huda, a kan jiƙaƙƙiyar takarda, minti goma sha biyar, don jikinta ya sha laima. Bayan magariba, lokacin da irinsu suke farkawa, in dama abincin ya yi ruwa-ruwa, in zuƙa a sirinji marar allura, in ɗiga ɗigo ɗaya a kan hancinta in jira. Ba a yi mata ɗura, sai ta ga dama ta lasa. Wani lokaci ɗigo shida yakan ci mini minti arba'in. Na koyi zama shiru a makonnin nan fiye da yadda na koya a shekara arba'in da shida. Likita ta ce in riƙa auna ta, sai na ɗauko sikelin da Mas'uda take auna kayan yaji. Ranar farko giram talatin da takwas. Bayan mako ɗaya talatin da huɗu. A kwana na goma ta hau gilashi da kanta har rabi, ta ci ɗigo goma sha ɗaya, na kira likita ina murna kamar an ce mini kaya sun fita daga kwastan. Washegari ƙafafunta suka daina kama gilashin. Ta hau ta zame, ta hau ta zame, kanta ya karkace gefe guda.

Mas'uda da farko faɗa ta yi a kan sikelinta, ta ce ta bar mini shi har abada, kuma kada wani mai cin tuwonta ya ji labari. Amma ranar da aka tsare ni a ɗakin ajiyar kaya har bayan isha, na dawo na tarar da ita zaune a bakin gadon Shamima, ta yafa mayafi biyu saboda sanyin esi, Gira a tafin hannunta, sirinji a ɗayan. Ba ta ɗago ba, ta ce mini ta ci huɗu, kuma in na faɗa wa 'yan'uwanta ba ta yafe ba. Alhaji Osmanu ma ya zo. Ya tsaya a ƙofar ɗakin da hularsa a hannu, ya ce in da mutanen zango za su ji ya hau bene hawa shida dubiyar tsaka, da igiya za su tare shi a filin jirgi. Sannan ya ce in yafe masa, bakinsa ne ya ja. Na ce masa shi shawara ya bayar, ni ne mai takarda a gabana. Akwai kuma abin da ya tsaya mini a rai, wato abin da muka taso muna ji daga malamai game da tsaka, cewa kashe ta lada ne. Na sami Malam Abdoulaziz, wani dattijo ɗan Maraɗi da muke sahu ɗaya, na tambaye shi ko wahalar banza nake yi, ko ma laifi. Ya ce shi ba zai yi mini fatawa a kan dabbar da bai taɓa gani ba, amma abin da ya sani, duk ran da ka kulle a keji ka hana shi nema da kansa, cinsa da shansa da inuwarsa suna wuyanka. Na dawo gida da kalmar inuwa tana yi mini nauyi.

Yanzu ga inda na fi jin kunya. Kin san duk Lahadi Shamima takan kira da bidiyo, kuma kafin ta gama gaishe ni take cewa a nuna mata Gira. Lahadin farko, kwana ɗaya da faruwar abin, na ce tana barci a bayan ganye, kada a tashe ta. Ta yarda, don da rana suke barci. Lahadi ta biyu na ce sabis ba kyau, na kashe bidiyon da hannuna muka yi magana da murya. Ta uku na rasa abin cewa, sai na tura mata hoto daga cikin tsofaffi na ce yanzu na ɗauka. Sai ta ce, da Hausarta da ta fara miƙewa a hannunki, wannan hoton ita ta ɗauka da wayata ranar da za ta tafi, ga ma gefen hannun rigarta a ciki. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce sai an jima Baba, ta miƙa miki wayar. Da kika ce mini shekaranjiya yarinyar ta rage cin abinci, ko jarrabawa ce ta sa, na bar ki a kan haka alhali na san dalili. Ke ma ki yafe mini. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na sani tun ina yaro, amma na yi ta haƙa ina cewa bari ta warke tukuna in faɗi komai a haɗe da labari mai daɗi.

Ba ta warke ba. Awon ƙarshe ranar Talata giram ashirin da bakwai. Jiya bayan asuba na buɗe akwatin na tarar da ita a ƙarƙashin ganyen da ta fi so, ta riga ta sandare. Muka naɗe ta a ƙyalle, na haƙa rami da cokalin miya a gindin wata bishiya a bayan ginin namu. Mai gadi ya zo ya tsaya a kaina yana tambayar lauban, wato maigida, me ake binnewa, na nuna masa, ya gyaɗa kai ya koma. Da hantsi Alhaji Osmanu ya kawo shawara ta biyu, da kyakkyawar niyya kamar ta farko. Ya ce kasuwar Liwan cike take da irinta, in sayo mai launi ɗaya, yarinya ba za ta zo ba sai baɗi, kafin nan wa zai bambance. Ba zan ɓoye miki ba, na je. Na sami wata kamar an tsaga kara, har mai shagon ya ɗora mini ita a hannu. Na tsaya da ita kusan minti goma. Sai na ga abin da nake shirin yi, in ɗauki ƙaryar mako uku in ba ta abinci da ruwa ta rayu shekara goma sha biyar a ɗakin 'yata. Na mayar masa, na yi godiya, na fito. Da na gaya wa Mas'uda, cewa ta yi da na shigo da ita da a baranda zan kwana tare da ita.

Ga roƙona. Na ji jarrabawarsu za ta ƙare gobe Juma'a. Ranar Lahadi, in Allah ya kai mu, zan kira ƙarfe goma sha ɗaya na safe agogonku, bayan ta dawo daga Islamiyya. Ni zan faɗa mata da bakina, duka, har da rana, har da takardar da ban karanta ba, har da hoton. Kada ki riga ni, ko da ta tambaye ki. Abin da nake so ki shigar da ita ɗakinki, ki tura su Saifullahi waje, don na san ba mugunta ba ce amma za su yi dariya, kuma dariyar za ta zauna mata. Ki zauna kusa da ita. Kada ki ce za a sayo mata wata, kada ki ce dabba ce. Yarinyar nan an ɗauke ta daga garin da aka haife ta, da ƙawayenta, da harshen da take mafarki da shi, ba ta yi mana gardama ba, abu ɗaya tak ta bari a hannuna. In ta yi kuka da Sinanci ki ƙyale ta, ba rashin kunya ba ne, a nan kukan yake. In ta ɗaga mini murya, ko ta ajiye wayar ina cikin magana, na roƙe ki don Allah kada ki tsawata mata a kan ladabi, kuma ki faɗa wa Yaya Umar Faruƙ haka. Na san tarbiyyar gidanki, da ita na dogara na ba ki ita. Amma a wannan karon ita ce mai gaskiya, kuma ba na son a sa ta ta ce ta yafe kafin ta yafe.

Ki gaishe mini da Yaya Umar Faruƙ da kyau, Allah ya saka masa da alheri a kan riƙon da yake yi mana. Ki gaida Halimatu Sadiya, na ji ita ke yi wa ƙanwarta kitso, Allah ya yi mata albarka. Ki gaida Saifullahi da Fu'ad, da Gwaggo Fasuma in kin leƙa Gwammaja, ki ce maganin gwiwarta yana cikin jakar Alhaji Musa tare da naki. Mas'uda tana gaishe ki, ta ce ranar Lahadi za ta zauna kusa da ni kamar yadda za ki zauna kusa da Shamima. Ita Shamima kuwa kada ki isar mata da gaisuwata. Ki bar ni in yi da kaina, in ta yarda ta amsa.

Wassalam. Ƙaninki,
Alhasan.